Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya sayar mana da motocin go-kat

Zuwa ga Manajan Kamfani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina da wurin wasan yara a kan hanyar Dutsin-ma a nan Katsina, kuma daga hannunku na sayi ƙananan motocin tsere na go-kat masu injin 196cc. Na rubuto a bainar jama'a ne saboda kiran waya ya ƙi aiki, saƙon WhatsApp kuwa ana karantawa a yi shiru. Ban ambaci sunanku ba. Kun san kanku, rasidinku mai hatimi da alkawarin garanti yana hannuna.

Ɗaya daga cikin motocin ta fara ƙara a ƙafar baya. Kuka turo bakanikenku daga Kano, ya saurara, ya ce boris ne. Wannan ya yi daidai. Amma kafin a kai ga boris sai an cire taya, ita kuwa ta kama jikin aksul, wato sandar ƙarfen da take zaune a kai, saboda ƙura da tsatsa. Akwai ƙarfen jan taya da aka yi domin wannan aiki, bai zo da shi ba. Sai ya kwance noti ya ajiye a ƙasa, ya ɗauki guduma ya dinga dukan bakin aksul tsirara. Ko yaron gareji a Ƙofar Ƙaura ya san idan dole sai an buga, ana mayar da noti ya yi daidai da bakin ƙarfen, ko a ɗora katako, don dukan ya faɗa kansu. Taya ta fita, bakin aksul kuma ya baje, layukan farko na tiredi, wato zaren da noti yake hawa, suka kwanta a kan juna.

Da a nan ya tsaya, da ban rubuta komai ba, domin wannan ɓarna ce mai gyaruwa. Da notin asali ya ƙi hawa, sai ya ce notin ne ya lalace, ya hau babur zuwa kasuwa ya dawo da sabo. Sabon ya hau, ya yi zagaye biyu ko uku da hannu, ya cije. Maimakon ya tsaya ya tambayi kansa dalili, sai ya zura bututu a kan sifana ya danna da ƙarfinsa duka. Ina tsaye na ga ɓarɓashin ƙarfe yana zubowa daga ƙarƙashin notin, yana ƙyalli a kan siminti. Na ce, "Malam, lafiya kuwa?" Ya ce haka sabon noti yake yi.

Ba haka yake yi ba. Wani dattijo mai injin sassaƙar ƙarfe ya sa ma'auni a kan aksul ɗin, cikin minti kaɗan ya gano abin da ma'aikacinku bai gano ba. Tiredin aksul ɗin na awon inci ne irin na Amurka: kaurinsa 5/8 na inci, da layi 18 a kowane inci. Wato kauri kusan milimita 15.9, tazarar layi da layi kuma kusan milimita 1.41. Notin da aka sayo na awon milimita ne, M16, tazararsa 1.5. A ido ba ka raba su. Shi ya sa yake hawa da farko, amma kowane zagaye bambancin yana taruwa, har layin noti ya hau kan layin aksul ya fara yanka shi. Akasarin notin da ke shagunanmu na milimita ne, domin baburanmu da janaretocinmu da motocin Japan duk a kansa suke. Ku da kuka shigo da kaya masu awon inci kun san haka. Amma babu layi ɗaya a takardar da kuka ba ni da ya faɗi girman tiredin, ba ku haɗa mana da noti ko ɗaya na ajiya ba, kuma ga alama ko ma'aikacinku ba ku gaya wa ba.

Dattijon ya nuna mini yadda aikin ya kamata ya tafi tun ranar farko, kuma ina so ku ji, ko kwa koya wa yaranku. Bakin da ya baje ana goge shi da magagari a kewaye, a ɗan karkace, har ya koma ƙasa da kaurin tiredi. Layukan da suka kwanta ana tashe su da magagarin tiredi, wanda yake da haƙora iri takwas, ka zaɓi mai 18, ka ɗora shi a kan layukan da suke da lafiya su yi maka jagora zuwa kan marasa lafiya. Dayis, ƙarfen da ake yanka tiredi da shi, yana da haɗari idan aka fara shi daga bakin da ya lalace, don yana iya hawa a karkace ya yanka sabon layi a kan tsohon. Abin da ya fi, a samu mai buɗewa gida biyu, a ɗaura shi can ciki inda tiredi yake garau, a zuba mai, a warwaro shi waje a hankali. In babu, ana raba noti mai kyau gida biyu da zarto, a matse shi da filaya a yi hakan. Aikin awa guda ne, ba ya cin kuɗi.

Sai dai duk wannan yana mayar da ƙarfen da ya lanƙwashe ne wurinsa. Wanda aka yanke ya zube ƙasa ba ya dawowa. Yanzu daidai inda noti yake zama ya riƙe taya, layukan sun cinye, noti yana shiga yana fita da yatsa biyu.

Da na kai muku wannan bayani, amsar da na samu daga ofishinku ita ce in kai wa mai walda ya ɗana notin a jikin aksul, "ai an huta". Wannan amsar ta fi ɓarnar ɓata mini rai. Zafin walda yana canza ƙarfin ƙarfe daidai wurin da nauyi yake hawa, yana iya karkatar da aksul, yana narka giris da robar boris ɗin da aka sa sabo. Ranar da boris ya sake mutuwa kuma, sai dai a yanke. Mafi girma, 'ya'yan mutane ne suke hawa motar nan. Yaro ɗan shekara goma yana shan kwana, uwarsa tana bakin shinge tana ɗaukarsa a waya, taya ta fice. Wa zai tsaya gaban iyayen nan? Ni ne, da na karɓi kuɗin tikiti, ba wanda ya ba da shawara daga ofis a Kano ba.

Don haka na ɗaure motar, na rufe ta da tamfol. Ta wuce hutun Sallah a ajiye, lokacin da masu irin sana'armu suke samun abin da zai riƙe su watanni. Ba na neman ku biya ni wannan asara, ko da yake da na nema ban yi zalunci ba.

Abin da nake nema shi ne sabon aksul daga wurinku, da notinsa na asali mai makulli, kuma ku ɗauki kuɗin kawowa da ɗaurawa, tunda hannun ma'aikacinku ne ya yi ɓarnar. Ku aiko da notin ajiya na sauran motocin, da takarda mai ɗauke da girman kowane tiredi da ke jikinsu. Wanda za ku turo ya zo da ƙarfen jan taya da ma'aunin tiredi. Sauran waɗanda kuka sayar wa irin motocin nan, ku kira su ku faɗa musu maganar inci da milimita kafin wani ya shiga kasuwa neman noti.

Na ba ku mako biyu daga ranar da wannan wasiƙa ta fita. Idan shiru ya ci gaba, zan kai rasidin, da hotunan aksul ɗin, da saƙon nan na walda gaban hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, FCCPC. Notin da ma'aikacinku ya sayo ma yana nan, na ajiye shi a leda tare da na asalin.

Na gode.

Mai wurin wasan yara,
Hanyar Dutsin-ma, Katsina