Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, Kan Allurar Rage Ƙiba

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, abin da ya sa na rubuto maka wata allura ce da na tarar a firjin yayata, an cusa ta tsakanin gorar zoɓo da ƙullin tattasai.

Yayata malamar makaranta ce, shekarunta 46, 'ya'yanta shida. Tun haihuwa ta huɗu jikinta ya buɗe bai koma ba. Gwiwa ta matsa mata har sai a kujera take sallah, ga hawan jini. A wajen wani biki ne ƙawarta ta haɗa ta da wata mai sayar da allurar rage ƙiba a intanet. Ta kwashi adashinta ta tura, ɗan aike ya kawo mata a leda, ƙanƙarar da aka sa ciki ta riga ta zama ruwa. Babu wanda ya ɗora ta a sikeli, babu wanda ya tambaye ta ko tana da juna biyu ko wane magani take sha. Duk bayanin da ta samu saƙon murya ne na minti biyu.

Allurar ta yi aiki, ba zan ɓoye ba. Cikin wata huɗu ta sauke kilo 9, zoben da ya maƙale mata shekara da shekaru ya fita da kansa. Sai dai tashin zuciya ya hana ta ko jin ƙamshin miya, ta koma shayi da biskit da lemon kwalba don su kaɗai ke zama a cikinta. Hannuwanta suka saki, hawa benen makaranta ya zama aiki. A wata na biyar kuɗi ya ƙare, yunwa ta dawo har ta fi ta da, kuma kafin shekara ta zagayo kilo 7 sun koma mazauninsu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda take ɗora wa kanta laifi, tana cewa, "Ni ce dai ba ni da zuciya."

Ranka ya daɗe, kai likita ne, ka san ba maganar zuciya ba ce. Babban gwajin da ya fito da sunan wannan magani, wanda ake sayarwa da sunan Wegovy, an wallafa shi a 2021, da mutum 1,961. Cikin mako 68, waɗanda aka yi wa allurar sun rage kashi 14.9 cikin 100 na nauyinsu, waɗanda aka yi wa allurar da babu magani a ciki suka rage kashi 2.4 kacal. Masu talla nan suke tsayawa. Ba sa faɗin cewa kowa a gwajin yana zama da mai ba da shawara duk bayan mako huɗu, an tsara masa rage cima, an ɗora masa motsa jiki na minti 150 a mako. Ba sa faɗin cewa da aka bi sawun wasu daga cikinsu shekara guda bayan an janye allurar da shawarar, an tarar kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka sauke ya dawo. Abin da ya faru da yayata ke nan, ita da ko shawarar ma ba ta samu ba.

Wancan kashi 2.4 shi ma darasi ne ga ma'aikatan asibitinmu, masu kallon mace sama da ƙasa su ce, "Hajiya, ki rage ci," su kira na gaba. Ga mutane da yawa faɗa kaɗai ba ya sauke ƙiba, kamar yadda allura kaɗai ba ta riƙe abin da ta sauke. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a kan haka ta tsaya a ƙa'idar da ta fitar ranar 1 ga Disamba, 2025: ta amince, bisa sharaɗi, manya masu ƙiba su yi amfani da magungunan GLP-1, wato dangin wannan allura, na tsawon lokaci, ban da masu ciki, ta kuma ce a haɗa musu da tsararren tallafi kan abinci da motsa jiki.

Na san za a ce ƙasar da tamowa ke kashe yara ina ita ina zancen ƙiba. Gaskiya ne akwai tamowa, kuma ita ce gaba. Amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 28 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima. A gida ɗaya za ka ga yaro ya tsumbure, uwarsa tana fama da ciwon suga. Mu kuma har gobe ƙiba alamar hutu ce a wurinmu, amarya na shan sha-ka-fashe don ta ciko kafin biki, bayan shekara goma ta koma kemis ɗin nan dai tana neman na rage teɓa.

Abin da ya sa nake gaggawa shi ne araha na tafe. A 2026 ne haƙƙin mallakar sinadarin da ke cikin Wegovy da Ozempic, ɗan'uwansa na masu ciwon suga, ke ƙarewa a Indiya da Sin da Brazil, kuma daga Indiya da Sin muke sayo yawancin magungunanmu. Abin da yau sai mai adashi mai kauri, gobe zai iya kaiwa kan teburin kowane kemis. Ga kuma jabu: a Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun Ozempic da aka gano a Brazil da Birtaniya da Amurka. Idan ya ratsa waɗannan ƙasashe, kasuwannin maganinmu fa? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Roƙona shi ne ma'aikatarka ta fitar da ƙa'ida a rubuce tun yanzu: wa ya cancanci allurar, wa zai rubuta ta, kuma wane bibiya ne dole ya biyo baya. NAFDAC da hukumar masu haɗa magunguna su sa ido kan masu sayarwa a waya. Amma kamu ba zai wadatar ba in babu ƙofar da mutum zai bi ta halal, kuma ƙofar nan asibitin unguwa ce. Kai ka riƙe hukumar kula da lafiya a matakin farko daga 2008 zuwa 2011, ka san abin da jami'an lafiya na unguwa za su iya in an horar da su an ba su sikeli da abin awon jini. Rana ɗaya a wata, kamar ranar awo, a auna mutum, a ji abin da ya ci a makon, a duba ko tsoka ce ke zubewa maimakon kitse.

Shawarar kuma ta zo da harshen tukunyarmu. Takardar da aka kwafo daga Turai ba ta san malmalar tuwo ba, ba ta san ludayin manja nawa ke shiga miya ba, ko cokalin suga nawa ake zuba wa fura da koko. Yayata ta buƙaci wanda zai ce mata in abinci ya ƙi shiga ta fara da wake ko ƙwai ko kifi da kwaɗon zogale, ta bar biskit. Ta buƙaci wanda zai nuna mata yadda za ta cika minti 30 tana zagaya tsakar gida bayan asuba, tunda ba fita titi za ta yi da gudu ba. Akwai tambayar azumi, akwai ta ajiyar allura a garin da wuta ke kwana uku ba ta zo ba, duk sai wanda ya san nan ne zai amsa.

Batun kuɗi, ba na cewa gwamnati ta saya wa kowa. In inshorar lafiya, wadda dokar 2022 ta wajabta, za ta ɗauki wani abu, ta fara da masu ƙiba da ciwon suga waɗanda zuciya ko ƙoda ta taɓu, irin waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa maganin a jerin muhimman magunguna dominsu a Satumban 2025. Zaman bibiyar kuwa kuɗinsa kaɗan ne. Dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace litar lemon zaƙi, ina ganin wannan aiki ya cancanci kaso daga ciki.

Yayata ta sake shiga wani adashin, kwasarta saura wata uku, kuma lambar matar nan tana nan a wayarta. Na roƙe ta ta bari mu fara ganin likita, ta ce in nemo mata wanda zai saurare ta fiye da minti biyar.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka gama lafiya.

Naka,
Wani ɗan ƙasa daga Kano