A Riƙa Ba Mambobin Zaure Izini Mataki-Mataki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin waɗanda ke riƙe da zaurukan WhatsApp da Telegram, wato admin, a kan yadda suke raba izini tsakanin mambobinsu. Wa zai iya tura saƙo, wa zai iya saka mahaɗi (wato link) ko bidiyo, wa zai shigo da sabon mutum, wa kuma ke da ikon goge maganar wani, waɗannan tambayoyi ne da ya kamata a amsa tun ranar da aka buɗe zaure, amma galibi ba a tuna su sai ɓarna ta auku.

Yawancin zauruka hanya biyu kaɗai suka sani. Ta farko ita ce a bar ƙofa a buɗe, mahaɗin gayyata yana yawo daga hannu zuwa hannu, ta yadda wanda ya shigo yanzun nan yake da iko daidai da wanda ya shekara ana tare da shi. Cikin dare sai baƙuwar lamba ta shigo, ta tura tallar zuba jari mai alƙawarin ninka kuɗi, ko ta bi mambobi ɗaya bayan ɗaya tana cewa an turo musu wasu lambobi shida na shiga taro, su karanto mata. Lambobin nan kuwa su ne mabuɗin asusunsu na WhatsApp, kuma kafin admin ya farka an ƙwace asusun wani ana roƙon kuɗi da sunansa.

Daga nan sai a faɗa hanya ta biyu, a kulle zauren baki ɗaya. Tun 2018 WhatsApp ya samar da saitin da ke hana kowa magana sai admin, kuma saiti ne mai amfani ga zauren sanarwa. Amma idan aka ɗora shi a kan zauren da aka kafa don tattaunawa, mutumin da ya saba amsa tambayoyin jama'a da haƙuri sai ya koma yana bin admin ta bayan fage yana cewa don Allah a taya shi sakawa. Ba a jimawa zai gaji ya yi shiru, sauran ma su daina leƙowa. Laifin baƙo ɗaya ne ya jawo aka hukunta kowa, kuma a ganina wannan rashin adalci ne.

Akwai darasi a yadda Wikipedia ta Ingilishi, kundin ilimi na intanet da jama'a ke rubutawa da gyarawa, ta warware irin wannan matsala. A 2005 wani ya rubuta ƙarya a kan ɗan jaridar Amurka John Seigenthaler, ya danganta shi da kisan shugaban Amurka John Kennedy da ƙaninsa Robert, rubutun kuma ya yi watanni ba a gano ba. Bayan abin ya fito fili, ba a hana jama'a gyara ba, sai dai aka hana wanda bai yi rajista ba ƙirƙirar sabuwar maƙala. A yau sabon asusu yana iya gyara mafi yawan maƙaloli tun ranar farko, amma sai ya kwana 4 ya kuma yi gyara 10 kafin ya taɓa waɗanda aka yi wa kariya ta farko, wato aka taƙaita masu iya gyara su. Maƙalolin da ake yawan rikici a kansu kuwa sai wanda ya kwana 30 ya yi gyara 500. Abin da ya fi burge ni shi ne ma'aunin a rubuce yake, kowa ya san shi, kuma babu ruwansa da sanayya ko muƙamin mutum. Sai an gwada akan san na ƙwarai, su kuma sun bayyana wa kowa yadda gwajin yake.

Ya kamata a lura cewa sharuɗɗan biyu aka haɗa, daɗewa da kuma aiki, domin kowanne shi kaɗai yana da rauni. Idan daɗewa ce kawai, ɗan damfara zai laɓe ya yi shiru har wa'adin ya cika. Idan kuma yawan saƙo ne kawai, zai cika zauren da sitika da gaisuwa har ya kai adadin a yini guda. Shi ya sa a zauren da bai yi girma sosai ba nake ganin idon admin ya fi ƙidaya, ya duba ko mutum yana magana a kan abin da ya tara jama'a, da kuma yadda yake yi idan aka saɓa masa.

Shawarata ita ce kada a rufe bakin sabon shiga, domin sau da yawa tambaya ce ta kawo shi, kuma idan ya tarar ba zai iya yin ta ba, tafiya zai yi. A bar shi ya yi rubutu ya kuma amsa wa wasu, amma a jinkirta masa saka mahaɗi da tura fayil da shigo da mutane, tunda ta nan cuta ta fi shigowa. Telegram, wanda zaurensa ke ɗaukar mutum har 200,000, ya sauƙaƙa wannan, domin ana iya rufe wa kowa hoto ko bidiyo ko fayil, sannan a taƙaita wa mutum ɗaya abin da aka bar wa sauran. Tun 2019 kuma yana da saitin da ke sa mamba ya jira wani ɗan lokaci tsakanin saƙo da saƙo, wanda ke kwantar da gardama ba tare da an kori kowa ba. WhatsApp, da ke tsayawa a mutum 1,024, bai kai haka rarrabewa ba, amma tun 2023 admin na iya tantance duk mai son shiga ta mahaɗi. Idan aka kunna wannan, aka hana mambobi sauya suna da hoton zaure, aka kuma sabunta mahaɗin duk lokacin da ya bazu, an toshe babbar kafa.

Inda aka fi sakaci shi ne ikon admin ɗin kansa. Ana ba mutum wannan matsayi don girmamawa, alhali ba ya leƙa zauren, sai ranar da aka sace wayarsa ko aka ƙwace asusunsa ɓarawo ya gaji ikon cire kowa. A WhatsApp duk admin kusan ikonsu ɗaya, in ban da wanda ya buɗe zauren da ba a iya sauke shi, don haka gara su zama kaɗan, kuma kowannensu ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin lambar sirri da ke kare asusu. A Telegram ana iya ba wani ikon goge saƙo kaɗai ba tare da ikon kora ko naɗa wani admin ba, kuma manhajar tana adana bayanin abin da kowane admin ya yi cikin awa 48 da suka wuce. Ita ma Wikipedia tun 2011 take karɓe ikon admin ɗin da ya shekara bai yi aiki ba, kuma ba a ɗaukar hakan a matsayin cin fuska.

Yadda ake hawa mataki-mataki, haka ya kamata a riƙa sauka. Wanda ya karya doka a fara yi masa gargaɗi shi kaɗai, ba a gaban jama'a ba, idan ya maimaita a rage masa izini na wani lokaci, a kuma faɗa masa dalili da ranar da za a mayar masa. Kora nan take ta ɗan damfara ce da mai yaɗa batsa. Duk waɗannan ƙa'idoji a rubuta su a bayanin zaure inda sabon shiga zai fara gani, domin idan hukunci ya faɗa kan aminin admin, a samu abin da za a nuna masa.

Na gode da wannan dama da ka ba ni.

Wassalam,
Wani mai karanta jaridarku