Sanƙarau: a fara faɗakarwa tun da hunturu

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan sanƙarau, tun ba a fara zaman makoki ba.

Ina saurayi a Fagge a 1996 lokacin da annobar ta mamaye Arewa, mutum sama da dubu 100 suka kamu, fiye da dubu 11 suka rasu. Ƙanena ma ya kamu, yana da sauran kwana, ya tashi, amma tun daga lokacin bai ƙara jin kiran sallah ba. Mu bakwai ne muke kwana a shago ɗaya a ƙofar gida, tagarsa ɗaya, ita ma mun toshe ta da kwali tun lokacin sanyi, ba wanda ya tuna ya cire. Har yau in aka ce sanƙarau, kwalin nan nake tunawa.

Mutanenmu kan ce zafi ne ke kawo ta. Zafi shi kaɗai ba ya haifar da ciwon. Ƙwayar cuta ce mai zama a hanci da maƙogwaro, tana bin tari da atishawa da numfashin wanda kuke kwance kafaɗa da kafaɗa. Wani yana ɗauke da ita lafiyarsa ƙalau, yana rabawa bai sani ba. Hunturu ne ke buɗe mata ƙofa: iska da ƙura su busar da cikin hanci ya tsattsage kamar faso a dunduniya, sai ƙwayar ta shiga jini, ta kai ga fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Shi ya sa take tashi tsakanin Disamba da Yuni, sai damina ta kankama ta lafa. Mura da hayaƙin itace da na sigari duk suna ƙara share mata hanya.

To, su wa suka fi shiga haɗari? Almajirin da ke kwana su talatin a zaure, da ɗalibin makarantar kwana, da ɗan cirani da ke raɓawa a tasha ko rumfar kasuwa, da iyalin da ke ɗaki ɗaya a gidan haya. A ce wa irin waɗannan "ku daina cunkoso" ba shawara ba ce, don ba su da wani ɗakin. Abin da za su iya shi ne buɗe taga, da raba yara tsakanin ɗaki da tsakar gida, da ware mai zazzaɓi a kai shi asibiti a ranar.

Akwai kuma waɗanda ba na jin ana ambatonsu. Yaro mai sikila saifarsa ba ta aiki sosai, don haka ƙwayar da ke kawo ciwon huhu tana iya shiga jininsa ta zama sanƙarau. Zazzaɓinsa ba na jira ba ne. Jariri kuwa ba lalle wuyansa ya sanƙare ba. Maɗigarsa ce za ta kumbura, ya ƙi nono, ya yi ta kuka ko barci ya yi masa nauyi. A nan ne ake cewa iska ce, a ɓata yini ana turare da tofi, alhali ciwon yana iya kisa cikin kwana ɗaya.

Maganar rigakafi tana da nauyi a Kano, na sani, gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara masu sanƙarau a 1996 ya bar tabo a zukata. Amma allurar da aka fara a 2011 ta karya lagon nau'in ƙwayar sanƙarau da ake kira A, wanda ya kashe mu a da. Sanƙarau na 2017 da ya faro daga Zamfara nau'in C ne, kuma a 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare nau'i biyar.

Roƙona, Edita, ku fara wannan faɗakarwa tun watan Disamba, ku kuma tura wakilinku tsangayu ya zauna da alarammomi, su ne masu ikon cewa a buɗe taga a buɗe.

Naka,
Wani tela daga Fagge, Kano