Zuwa ga Inna, daga Mancesta

Assalamu alaikum Inna,

Ina gaisuwa da fatan kina lafiya. Yaya ƙafar? Yaya Babba ta ce kin yi ƙorafi na daina hira, in na kira sai "lafiya lau" sau biyu in ajiye waya. Maganar ta tsaya mini a rai.

A gidan tsofaffin da nake aiki akwai wani dattijo da ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da harshen Latin, yaren mutanen Rum na dā. Hannunsa na rawa, ni nake riƙe masa kofin shayi. Rannan ya tambaye ni labarin gida, na ce alhamdu lillahi, na ja bakina. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce ni breviloquent ne. Abokan aikina Turawa, haifaffun garin, ba wanda ya taɓa jin kalmar. Ya sa na ɗauko biro, ya raba ta gida biyu a bayan ambulan: brevis, gajere, da loqui, yin magana. Wato mai taƙaita zance.

Sai ya ba ni labarin Sisero, wanda duk ƙasar Rum ba a yi mai fasahar baki kamarsa ba. A shekara ta 49 kafin haihuwar Annabi Isa, Yuliyas Kaisar, wani babban jagoran sojan Rum, ya tsallako kogin Rubikon da mayaƙansa, ƙasa ta rikice da yaƙin basasa. A watan Fabrairu Sisero ya rubuta wa amininsa Atikus wasiƙa, ya buɗe ta da asalin wannan kalma, yana cewa halin da ake ciki ne ya gajarta masa zance. Mutumin da in ya miƙe majalisa kan yi tsit, Inna, shi ne tashin hankali ya ɗaure wa harshe.

Na fita baranda na daɗe a tsaye. Ni ba yaƙi ba ne, aikin dare ne na awa 12, da kewa. In na ji muryarki, na jiyo turmi da kukan akuyoyi a bayanki, sai maƙogwaro ya toshe. Ina katse waya ne don kada ki ji.

Ina da hutu ranar Juma'a. Zan kira bayan la'asar, a cika wayar da caji, ki tanadar mini labarin biki tun daga kamu. Ki gaida Baba da Gwaggo, a sa ni a addu'a.

Ɗanki