Bayan fushi ya huce, akwai sauran bashi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ku ba ni fili in yi magana a kan wata gaɓa da na lura wa'azinmu yakan wuce ta a gurguje. Idan malamai suka zo babin fushi, sukan tsaya a kan yadda za a danne shi kafin ya yi ɓarna: a nemi tsarin Allah daga Shaiɗan, sannan kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito daga Abu Zarri, wanda yake tsaye ya zauna, idan bai huce ba ya kishingiɗa. Da wuya kuma ka sami ɗalibin Islamiyya a Garwa ko Marwa da bai haddace hadisi na 16 cikin Arba'una ba, inda wani ya nemi wasiyya wurin Manzon Allah (SAW) ya ce masa kada ya yi fushi, ya kuma yi ta maimaita masa. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai da yawanmu mun riga mun yi fushin, baki ya furta, hannu ya tashi, kuma abin da muke bukatar ji shi ne abin da ya rage a wuyanmu bayan zuciya ta sauka.

Ni ɗan kasuwa ne, atamfa da yadi nake sayarwa a Garwa. A wani azumi da ya faɗo cikin watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan yakan haura digiri 40, na ƙirga ciniki bayan La'asar na ga babu jaka 50. Wanda yake tsare mini shago ɗan ƙanwata ne, yaro ɗan shekara 17 da uwarsa ta aiko mini daga Marwa don ya koyi kasuwanci. Ban bincika ba, ban jira an sha ruwa ba. Na kira shi ɓarawo a gaban maƙwabtan shago da masu ciniki, na kuma kwaɗa masa mari. Abin da kawai ya ce shi ne, "Kawu, wallahi ban ɗauka ba." Washegari bayan Asuba ya naɗe tabarmarsa ya tafi tasha. Bayan kwana tara, ana tsakiyar hada-hadar kayan Sallah, na ɗaga wasu turamen atamfa sai ga baƙar leda a matse tsakaninsu, da kuɗin cif-cif, a inda ni da hannuna na cusa ta lokacin da wata mai ciniki ta shigo.

Abin da na yi bayan nan shi ne dalilin wannan wasiƙa. Na yi alwala, na yi nafila raka'a biyu, na yi istigfari har da hawaye, na kuma rabar da kuɗin sadaka, sannan na ɗauka cewa magana ta ƙare. Da Sallah na aika wa ƙanwata turmi biyu da shadda ta yaron, ta bugo waya ta yi godiya, daga ni har ita babu wanda ya taɓo zancen. Haka na zauna fiye da shekara, ina ganin na tuba, alhali a kasuwa sunan yaron yana nan a matsayin wanda ya saci kuɗin kawunsa, domin ban gaya wa kowa cewa kuɗin sun fito ba.

Abin da ya tashe ni shi ne karatun da ake yi tsakanin Magariba da Isha'i a masallacin unguwarmu. Malam ya fara Riyadus Salihina, kuma wanda ya san littafin ya san cewa Imam Nawawi ya sa babin tuba na biyu, babin haƙuri na uku. A farkon babin tuba ya kawo sharuɗɗa uku idan saɓon tsakanin bawa da Ubangijinsa ne: ya bar saɓon, ya yi nadama, ya ƙudurta ba zai koma ba. Idan kuwa laifin ya shafi ɗan Adam, to akwai na huɗu, wato ya sauke haƙƙin mai haƙƙi, ya mayar da dukiya idan dukiya ce, ya nemi yafiya idan mutunci ya taɓa. Na sha jin wannan tun ina yaro, amma ranar nan ce na ji kamar da ni kaɗai ake. Laifin fushi kuwa, in ka duba, kusan kullum na huɗun nan yake shafa, saboda ba a fushi da iska. Mata ce, ko ɗa, ko yaron shago, ko mai babur da ya goge ka a hanya.

Alƙur'ani bai ɓoye mana cewa annabawa ma sun yi fushi ba, amma ya nuna mana abin da suka yi daga baya. A Suratul A'araf, daga aya ta 150, Annabi Musa (AS) ya dawo ya tarar da mutanensa suna bauta wa maraƙi, ya jefar da alluna, ya kama kan ɗan'uwansa Haruna yana jan sa. Da Haruna ya yi masa bayani, sai ya roƙi gafara ga kansa da ɗan'uwansa tare, kuma aya ta 154 ta ce da fushin ya lafa masa sai ya ɗauki allunan. Wato ya koma kan abin da ya jefar. Haka kuma Muslim ya ruwaito labarin Abu Mas'ud al-Badri, wanda yake dukan bawansa da bulala, ana kiran sa daga baya amma tsananin fushi ya hana shi gane muryar, sai da mai kiran ya matso ya ga Manzon Allah ne (SAW), yana tuna masa cewa Allah Ya fi shi iko a kansa fiye da ikon da yake da shi a kan yaron. Abu Mas'ud bai tsaya ga istigfari ba, nan take ya 'yanta bawan, aka kuma gaya masa cewa da bai yi haka ba da wuta ta shafe shi.

Ba ina cewa a tsorata mutane har su fid da rai ba. Aya ta 53 a Suratuz Zumar ta hana waɗanda suka yi wa kansu ɓarna yanke ƙauna daga rahamar Allah, kuma Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Allah Ya rubuta a wurinSa cewa rahamarSa ta rinjayi fushinSa. Amma ni na fake da wannan rahama ne don in guje wa tafiyar kilomita 200 da ɗoriya da kuma sunkuyar da kai gaban yaron da aka haifa a kan idona, kuma ina zaton ba ni kaɗai nake haka ba. Manzon Allah (SAW) da ya gaya mana faɗin rahama shi ne kuma ya gaya mana labarin matsiyacin Lahira, wanda zai zo da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya doki wancan, sai a yi ta ɗebe ladansa ana biyan su. Masu karatun Risala ma sun san cewa saki uku a kalma ɗaya bidi'a ne amma yana aukuwa, kuma gidaje nawa ne a unguwanninmu nadamar washegari ta kasa mayar da su?

A ganina babbar matsalarmu al'ada ce. A wurinmu babba ba ya buɗe baki ya ce wa ƙarami ya yi kuskure. Sai dai ya aika goro ko tufafi, ƙaramin kuma ana sa ran ya gane, ya yi shiru. Wannan yana iya wadatarwa a ƙaramin saɓani, amma shadda ba ta goge sunan sata. Da na isa Marwa, ƙanwata ta shimfiɗa mini darduma, ta kawo ruwa, na ce a kira yaron da mahaifinsa. Na faɗi inda aka ga kuɗin da ranar da aka gan su. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Yaya, tun yaushe ka sani?" Wannan tambaya ta fi mini komai nauyi, domin marin na minti ɗaya ne, shirun kuwa da hankalina na yi shi. Yaron ya ce ya yafe, kansa a ƙasa. Da na dawo Garwa na bi maƙwabtan shago ɗaya bayan ɗaya na wanke shi, wasunsu har suna ce mini da na bar abin ya wuce.

Ga wanda aka zalunta kuma, ba ni da bakin yi masa wa'azi, sai dai in tuna masa da Sayyidina Abubakar, wanda ya rantse ba zai ƙara ciyar da ɗan'uwansa Misɗahu ba saboda ya sa baki a ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha, amma da aya ta 22 a Suratun Nur ta sauka tana tambaya ko ba sa son Allah Ya gafarta musu, sai ya mayar masa da abin da yake ba shi.

Ina roƙon malaman da suke rubutu a shafin addini na wannan jarida su yi wa sharaɗi na huɗun nan bayani filla-filla, musamman yadda mutum zai yi idan wanda ya zalunta ya yi nisa ko ya rasu. Shi dai yaron nawa bai dawo shago ba. Yana koyon ɗinki a Marwa, yakan bugo mini waya ya gaishe ni da Sallah, amma na sami labarin cewa idan maigidansa ya aiko shi sayen yadi Garwa, wani layi yake bi.

Wassalam.

Wani mai karanta jaridarku,
daga Garwa, Arewacin Kamaru.