Ina wuni a ofis, amma lissafi na cewa awa 4 na yi

Assalamu alaikum Anti, ina wuni, ya aiki ya iyali, ya kuma haƙuri da mu masu damunki da wasiƙu. Dan Allah in za ki karanta wannan a shiri kar ki faɗi sunana, a ce wata daga Kubwa kawai, don masu sauraronki a ofishinmu sun kai uku kuma akwai wadda tana jin farkon zancen za ta ɗago ni.

Ni lauya ce, shekarata 32, haifaffiyar Jos, a can na yi jami'a sannan na zo Bwari makarantar horar da lauyoyi, daga nan Abuja ta riƙe ni. Ina da aure da 'ya ɗaya. Shekara biyu ke nan ina aiki a wani ofishin lauyoyi da yawancin kwastomominsa kamfanoni ne, wasu ma na ƙasar waje, to su ba irin cinikin da muka saba ba ne na a ce wannan shari'ar kuɗinta kaza a biya a wuce wurin. Awa suke biya. An raba awa gida 10, kowane gida minti 6, in kin ɗaga waya kin yi magana da kwastoma ki rubuta, in kin amsa imel ki rubuta, in kin karanta yarjejeniya ki rubuta minti nawa ta ci kuma ta waye. Tsarin Amurka da Ingila ne aka kwaso mana, can na ji manyan ofisoshi har awa 2,000 suke nema a shekara. Namu ogan ya yanka mana 1,500. Wato 125 a wata, kusan awa 6 kullum, kuma ba zaman ofis ake ƙirgawa ba, ba mitin ɗin safiyar Litinin ba, ba neman fayil ɗin da ya ɓata ba, sai abin da za a iya tura wa mutum takardar caji a kansa.

Wanda bai sani ba zai ce awa 6 ai wasa ne. Ni ma haka na ce ranar da na sa hannu.

Bari in ba ki labarin Talatar da ta wuce ki gani. Na baro gida ana idar da asuba saboda goslo, bakwai da rabi ina kan kujera, na buɗe wata yarjejeniyar hayar fili mai shafi 18 da aka ce in duba kafin azahar. A shafi na 3 na ga an ambaci amincewar gwamna, sai na ce bari in ɗan leƙa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 in tabbatar da sashen, ko da yake na san shi kamar yunwar cikina. Daga sashen na faɗa wani hukuncin Kotun Ƙoli, daga hukuncin na faɗa tarihin alƙalin da ya rubuta shi, ina cikin haka na tuna ban biya kuɗin wuta ba, na ɗauki waya, na ga saƙon ƙanwata kan ankon biki, wallahi Anti ban farga ba sai da na ji ana kiran salla a masallacin bayanmu. Shayin da na haɗa tun safe yana nan ya yi sanyi ƙalau har ya yi fata a sama, yarjejeniya na nan a shafi na 3. Na bar ofis bayan isha'i ranar, kaina kamar an daka, na buɗe takardar lissafi na ga awa 3 da minti 48.

Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne ba wai ban iya aikin ba. In wuta ta kama ba wanda ke kamo ni. Akwai wata ƙara a Kotun Ɗaukaka Ƙara da muke da kwana 30 mu shigar da martaninmu, na yi kwana 28 ina kallon fayil ɗin yana kallona, kullum in ce gobe, sai a daren na 29 na zauna tun magariba ban tashi ba sai asuba, ko ruwa ban sha ba, na rubuta shafi 30. Oga ya karanta ya ce bai taɓa ganin na yi aiki mai kyau irinsa ba. Abin da bai gani ba shi ne kwana biyun da suka biyo baya ina zaune gaban kwamfuta kamar gunki, layi ɗaya in karanta sau biyar bai shiga ba. Haka nake, ko gudu ko kwance, tafiya irin ta mutane ce ban iya ba.

Bara ne wata ƙawata likita ta matsa min na je na ga likitan ƙwaƙwalwa, na daɗe ina ƙi don kin san yadda ake kallon mai zuwa wurin. Zama uku muka yi, ya yi ta tambayata yarintata, ya ce sai in alamun sun fara tun kafin shekara 12 ake kiransa da wannan sunan. Na ce likita ai a gidanmu sunana ma Mantau, a aike ni sayen magi in dawo da ashana, a islamiyya na fi kowa saurin hadda na fi kowa shan bulala saboda surutu da ɓatar da littafi. Ya ce ADHD ne, matsala ce ta yadda ƙwaƙwalwa ke riƙe hankali a kan abu ɗaya da yadda take auna lokaci, kuma 'yan mata sun fi wucewa ba a gane su ba tunda ba sa hawa katanga kamar maza, sai dai a ce sakarci ne. Na zauna a mota na yi kuka sosai, ban san ko na daɗi ba ne ko na takaici.

Ya sa ni a kan wani magani mai suna methylphenidate. Gaskiya yana aiki, in na sha kamar an kashe rediyo goma da ke kunne a kaina an bar ɗaya. Amma wanda nake samu awa 3 zuwa 4 yake yi ya sake ni, ya kuma ɗauke min cin abinci, in na sha na biyu da yamma barci ya ƙaurace. Ga wuyar samu, tunda magani ne da hukuma ke sa wa ido, akwai watan da na zaga kemis bakwai daga Wuse zuwa Garki da takardar likita a hannuna, wani yaro a kanta ya kalle ni sama da ƙasa ni da hijabina kamar na zo neman kodin. Ban ga laifinsa sosai ba, tun da aka hana maganin tarin nan a 2018 kowa a tsorace yake, amma na ji ciwo. Likita ya ce akwai wani, atomoxetine, shi sai an yi makonni ana sha kafin a ga amfaninsa, ni kuma makonnin ne ba ni da su. Azumin da ya wuce ma ban san yadda na yi ba, in sha methylphenidate ɗin da sahur kafin in isa ofis ya gama aikinsa a kan hanya.

Dabaru kam na gwada. Na sa agogo minti 25 aiki minti 5 hutu, hutun ne ke zama awa. Na ba sakatariya wayata ta kulle a durowa, wannan ya ɗan yi. Abin da ya fi min amfani shi ne in zauna a laburaren ofis kusa da wani yana nasa aikin, ko uffan ba ma cewa, amma ganin mutum a gefe sai in zauna ni ma. Sai dai ba kullum ake samun mai zama ba, kuma an fara tambayar me ya sa ba na son teburina.

To ga inda gizo ke saƙar. Zuwa ƙarshen Satumba ya kamata a ce ina da awa 1,125, ni kuwa 870 gare ni. Saura 630 a wata uku, awa 10 ke nan kullum, abin da ko lafiyayyu ba sa yi. Kuma wani ɓangaren giɓin ma na yi aikin, mantawa nake ban rubuta ba, sai Juma'a in zauna ina lalube a imel ina tuno me na yi ranar Litinin, abin da ban tabbatar ba in bar shi. Wani abokin aikina da ya ga lissafina ya yi dariya ya ce Barista ke ce kike wahalar da kanki, wayar minti 4 ki sa 12, aikin awa ɗaya ki sa ɗaya da rabi, kamfanonin nan ko dubawa ba sa yi, kuma ai zaman da muke yi a kotu tun tara na safe har ɗaya a ce an ɗage shari'a ba duka ake biya ba, kin ga an yi biyan bashi. Ban ce kowa na yi ba, abin da ya faɗa min ke nan. Na gwada sau ɗaya, na ƙara minti 18 a kan wani aiki, wallahi daren nan ban runtsa ba, da safe na goge. Ban da cewa in an kama mutum kwamitin ladabtar da lauyoyi zai iya raba shi da rigarsa, ni abin da nake gani tauye mudu ne, kuma da wannan albashin nake sayen madarar 'yata nake tura wa Mama.

Amma kuma akwai tambayar da ta hana ni sakat. In na yi awa 2 a kan aikin da wata za ta gama a awa 1, saboda hankalina ya yi ta ficewa yana dawowa, nawa ne halak ɗina? Biyun da na zauna ko ɗayan da aikin ya cancanta? Ni ɗaya nake rubutawa, shi ya sa lissafina ke ramewa kullum. Maigidana ya ce na cika tsanani, ko tela ma akwai mai sauri akwai mai nawa. Na ce masa tela ba da awa ake biyansa ba.

Shi yana ƙoƙari Allah ya sani, ya ci ƙonanniyar shinkafa ba adadi bai yi magana ba, amma kwanan nan ya fara cewa in nemi aikin gwamnati ko in koma koyarwa in huta. Mama kuwa da na gwada yi mata bayani a waya cewa ta yi ba abin da ke damuna sai latse-latse, in rage waya in riƙe azkar, ta kuma aiko min da rubutu a jarka ta motar Jos. Na sha, ban ƙi ba.

Wata mai zuwa za a zauna da kowa a duba aikin shekara. Shin in faɗa wa oga gaskiyar abin da likita ya ce, in roƙi a rage min adadin ko da za a taɓa albashi, ko a mayar da ni ɓangaren rubuta takardun kotu inda na fi ƙarfi? Na san akwai dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, na karanta ta ma, amma doka daban zaman ofis daban, oga mutumin kirki ne amma ɗan da ne, kuma da'irar lauyoyin Abuja ƙarama ce, yau ka faɗa a Maitama gobe an ji a Apo cewa wance tana ganin likitan ƙwaƙwalwa, wa zai sake ba ni fayil. Ko in yi shiru in nemi wurin da ba sa lissafin awa, in bar kuɗin da ya ninka wanda zan samu a can, ga haya ga kuɗin makaranta ga mai tun da aka cire tallafi?

Dan Allah in da hali ki tambayar min malamin da kike gayyatowa batun awa biyun nan da awa ɗaya, shi ya fi tsaya min a rai. In kuma akwai mai irin matsalata cikin masu sauraro, ko likita ko ma'aikaciyar banki, ina son jin yadda take kaiwa la'asar da sauran ƙarfi a jikinta. Wasiƙar nan ma tun watan jiya na fara ta, yau na ƙarasa a mota ina jiran goslon Dutse ya motsa.

Na gode Anti, a gaida mutan gida.

Taki,
Wata barista daga Kubwa