Jan ido da ya ƙi wucewa: a duba kwalbar da ake ɗigawa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mu yi magana kan jan idon da ke ɗaukar makonni ko watanni bai washe ba, musamman idan hunturu ya kama, ƙura da hazo suka cika gari. Mu ma'aikatan lafiyar ido ne, kuma abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne maganin ɗigawar da ake saye a kemis ba tare da likita ya duba idon ba.

Fatar da ta lulluɓe farin ido cike take da ƙananan jijiyoyin jini. Duk abin da ya dami ido, ƙura ce, hayaƙin itace ne, bushewa ce ko ƙwayar cuta, sai jijiyoyin nan su buɗe, ido ya kaɗa. Ke nan jan alama ce kawai, kuma dalilansa sun sha bamban. Ciwon afolo da kowa ya sani yakan zo da kwantsa da hawaye, ya bi gida ɗaya bayan ɗaya, ya tafi cikin mako ɗaya zuwa biyu. Idan ja ya wuce mako biyu, to a daina kiransa afolo, a nemi mai duba ido.

A wurin yara, abin da ya fi yawa shi ne ƙaiƙayin ido na borin jini. Yaro yana murza ido safe da yamma, farin idonsa ya koma ruwan ƙasa, kwantsar tana jawuwa kamar zare. Uba sai ya je kemis, a ba shi wata 'yar kwalba, kafin kwana biyu ido ya yi fes. A karanta jikin kwalbar nan da kyau. Idan an ga dexamethasone, betamethasone ko prednisolone, to sitiroyid ne, wato magani mai ƙarfi na kwantar da kumburi, ko da an haɗa shi da maganin kashe ƙwayar cuta irin su neomycin ko tobramycin. Aikinsa na kwantar da ja da ƙaiƙayi gaskiya ne, shi ya sa mutane ke komawa su ƙaro, har wani yaron ya shekara ana ɗiga masa.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Ido yana samar da wani ruwa a cikinsa kullum, ruwan kuma yana fita ta wata 'yar magudana da ke kewaye da baƙin ido. Sitiroyid yana toshe wannan magudana a hankali, ruwa ya taru, ƙarfinsa ya hau. A lafiyayyen ido awon yana tsakanin 10 da 21. A wasu mutane, cikin mako biyu zuwa shida na ɗigawa sai ya haura, kuma yara sun fi manya saurin kamuwa. Wannan shi ne hawan jinin ido, wato gilakoma. Ba ya ciwo, ido fari tas, amma jijiyar gani tana mutuwa, daga gefe-gefe take farawa, kamar bangon da gara ke ci ta ciki alhali an shafe shi da farar ƙasa. Abin da ya mutu na jijiyar nan ba ya dawowa, ko da aiki ko da tabarau. Ban da haka, sitiroyid yana kawo yanar ido tun da ƙuruciya. Idan kuma akwai gyambo a baƙin ido, kamar wanda karan gero ko ƙaiƙayin sussuka ya tsokane, ɗiga sitiroyid yana ba ƙwayar cutar damar cin idon har ya huje ko ya bar hakiya.

Wanda ya daɗe yana ɗigawa kada ya yanke lokaci guda da kansa, domin jan yakan dawo fiye da da. Ya ɗauki kwalbar ya tafi da ita asibitin ido, a auna ƙarfin ruwan idonsa, a duba jijiyar, likita ya tsara masa yadda zai rage. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai asibitin ido na ECWA da na Makkah a Kano, asibitocin koyarwa ma duk suna da sashen ido. Awon ba ya wuce 'yan mintoci.

Akwai kuma magungunan ɗigawa masu sa ido ya yi fari, waɗanda ke ɗauke da naphazoline ko tetrahydrozoline. Su matse jijiyoyin jini kawai suke yi. Da ƙarfinsu ya sake, jijiyoyin sai su buɗe fiye da farko, mutum ya ƙara ɗigawa, a haka maganin ya zama shi ne ke riƙe da jan. Kada a wuce kwana uku da su.

To me za a yi? Ga mai ƙaiƙayi, a jiƙa tsaftataccen ƙyalle da ruwan sanyi a ɗora a kan ido a rufe na minti biyar zuwa goma, a wanke fuska da zarar an dawo daga waje, a yanke wa yaro farce, a hana shi murza. Magungunan da suka dace da dogon amfani su ne irin sodium cromoglicate, sau huɗu a rana, ko olopatadine mai ƙarfin kashi 0.1, sau biyu a rana. Na farkon yana buƙatar kamar mako biyu kafin a ga amfaninsa sosai, kuma a nan ne iyaye da yawa ke gajiya su koma wa waccan kwalbar. A daure. Ga mai jin kamar yashi a ido, da raɗaɗi da yamma, musamman mai yini a gaban waya ko kwamfuta ko a ƙarƙashin fanka, bushewa ce ta fi yawa, hawayen kwalba yake buƙata, wato maganin ɗigawa mai jiƙa ido kamar hawaye. Idan zai ɗiga fiye da sau huɗu a rana, ya nemi wanda ba a sa masa sinadarin hana lalacewa ba, don sinadarin shi kansa yana iya ƙara jan. Wanda gefen fatar idonsa ke yin ɓawo a gindin gashi, ya gasa da ƙyalle mai ɗumi na minti biyar zuwa goma sau biyu a rana, sannan ya goge gindin gashin a hankali. 'Yan acaɓa da manoma su riƙa sa tabarau mai rufe gefe, domin rana da iska da ƙura ne ke jawo jar tsokar nan da ke tasowa daga ɓangaren hanci tana hawa baƙin ido.

Yadda ake ɗigawar ma yana da muhimmanci. A wanke hannu, a ja fatar ƙasa, a sa ɗigo ɗaya tak, don ido ba ya riƙe fiye da haka. A rufe ido, a danna kusurwar da ke kusa da hanci na minti ɗaya ko biyu. Idan magani biyu ne, a ba da tazarar minti biyar, mai maiƙo ya zo a ƙarshe. Kada bakin kwalba ya taɓa ido, kada mutum biyu su yi tarayya a kwalba ɗaya, kuma a jefar da ita bayan mako huɗu da buɗewa. Fitsari, ruwan sukari, nonon uwa da ruwan ganye kuwa, don Allah a bar su. Fitsari na iya ɗauke da ƙwayar ciwon sanyi, wadda ke huda ido cikin kwanaki kaɗan.

Akwai jan da ba a kwana da shi: wanda ya zo da ciwo mai tsanani, ko gani dishi-dishi, ko kasa kallon haske, ko farin ɗigo a kan baƙin ido, ko ciwon kai da amai da ganin zobe kewaye da fitila. Haka jaririn da bai cika wata ba idonsa ya kumbura yana fitar da mugunya. Idan siminti, ruwan batir ko maganin feshi ya faɗa ido, a kwarara masa ruwa mai tsabta na aƙalla minti ashirin nan take, sannan a wuce asibiti.

Kiranmu ga masu kemis shi ne su daina miƙa sitiroyid na ido sai da takardar likita, su tura mai jan idon da ya wuce mako biyu asibiti. Muna kuma roƙon hukumar NAFDAC da hukumar kula da harhaɗa magunguna ta ƙasa su sa ido kan yadda ake sayar da waɗannan kwalabe, malaman firamare kuma su riƙa sanar da iyaye idan suka ga yaro yana yawan murza ido a aji.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan lafiyar ido,
Kano.